Dutse, Kogi da Hukuncin Al'ada

Ƙasar Miga shimfiɗaɗɗiya ce, amma ruwan da ke malalowa fadamunta kowace damina daga tuddai yake fitowa, domin Kogin Hadejia da ke kawo shi haɗuwar Kogin Kano ne da na Challawa, shi kuwa Kogin Kano yana tasowa ne daga tsaunukan kudancin Jihar Kano, a gefen tudun Jos. Masana kimiyyar ƙasa sun nuna cewa duwatsun Riruwai da ke wannan yanki da takwarorinsu na Jos narkakken dutse ne da ya kutso daga cikin ƙasa ya sandare fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, kuma gangaren da suka haifar shi ne ya raba wa ƙananan halittun ruwa marasa ƙashin baya mazauninsu. Inda ruwa ke gudu yana dukan duwatsu yana cika da iska, can tsutsar baƙin ƙudan nan mai yaɗa makantar kogi take liƙewa tana tace abincinta. Inda kuwa kogin ya bar dutse bayan Wudil ya shiga rairayi da laka, gudunsa ya ragu, sai ya zama gidan matsattsaku da ƙananan katantanwa, waɗanda a jikinsu ƙwayar cutar tsargiya, wato fitsarin jini, take girma.

A nan tsohuwar tambayar malaman tauhidi take tasowa: dutse ne ya yi wannan rabo, ko kuwa dutse ba ya aikata komai? Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tafi a kan cewa wuta ba ta ƙona auduga da ikon kanta, Allah ne yake halittar ƙunar a lokacin haɗuwarsu. Ibn Rushd ya mayar masa da martani cewa wanda ya kore sababi ya kore ilimi, tunda sanin abu shi ne sanin dalilinsa. Ɗaliban zaure a ƙasar Hausa sun gaji mafitar daga Ummul Barahina ta Shehu Sanusi da sharhinta, inda ake kiran irin wannan alaƙa hukuncin al'ada, wato haɗuwar abu biyu da aka tabbatar ta hanyar maimaituwa, tare da yarda cewa ɗayan ba ya tilasta ɗayan. Matsayin bai hana bincike ba ko kaɗan, domin al'adar da ba ta saɓawa ita ce abin da masanin halittu yake aunawa, kuma Alƙur'ani da kansa ya ambaci duwatsu tare da koguna a Suratur Ra'adi da Suratun Nahli.

Wahalar tambayar ta fi fitowa inda hannun mutum ya shiga. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, kuma tun daga nan kogin da a da yakan janye da rani ya koma yana ɗauke da ruwa kusan duk shekara, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, ruwa ya kwanta a inda ba ya kwanciya. Mai kiran wannan ƙaddara bai yi ƙarya ba, sai dai malaman da suka kore wa dutse iko ba su taɓa kore wa mutum kasabi ba, wato rabonsa na zaɓi a aikin da ake yi masa hisabi a kansa. Dutsen Riruwai ba a tambayarsa dalilin gangarensa, amma ƙofofin Tiga akwai masu buɗe su da masu rufe su, kuma yawan katantanwar da ke cikin ruwan da yaran Miga ke iyo yana bin abin da suka yanke.