Shin Talauci Abin Wasa Ne?

A shekarar 2013, babbar kyautar bikin Independent Games Festival na Amurka ta faɗa hannun wani wasan kwamfuta mai suna Cart Life, wanda Richard Hofmeier ya ƙirƙira ba tare da wani babban kamfani a bayansa ba. Babu yaƙi a cikinsa, babu ma launi sai fari da baƙi da ruwan toka. Mai wasa yana shiga rigar ƙaramin ɗan kasuwa ne na bakin titi: ko Andrus, baƙo daga Yukren mai sayar da jaridu, ko Melanie, wadda aurenta ya mutu, take sayar da kofi don ta nuna wa alƙali cewa za ta iya riƙe ɗiyarta. Aikin kuwa shi ne a sari kaya, a yanka farashi, a ƙirga canji kafin mai saye ya gaji ya tafi, a biya kuɗin ɗaki, a ci abinci in an samu sarari.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi ya san wannan lissafi. Tambayar ita ce: ya halatta a mayar da shi abin nishaɗi ga wanda ya ƙoshi?

Masu kare wasan suna da hujja mai ƙarfi. Littafin tattalin arziki yana bayyana ƙarancin jari da alƙaluma, mai karatu ya gyaɗa kai ya wuce. Wasan kuwa yakan sa mutum ya zaɓa da hannunsa: Melanie ta rufe teburinta ta je ɗauko yarinya daga makaranta, ko ta tsaya don cinikin da zai cika kuɗin da kotu za ta duba? Duk wanda ta zaɓa, akwai asara. A nan mai wasa ke gane cewa abin da talaka ya fi rasawa shi ne lokaci, kuma kuskuren da mai hali zai yi ya manta, shi yakan rushe masa mako guda. Gani ya kori ji.

Sai dai akwai inda kwaikwayon ya tsaya. Mai wasa yana da maɓallin fita, Andrus ba shi da shi. Abin da ya fi wannan haɗari ma shi ne, kowane wasa yana koya wa mai yin sa cewa ƙwarewa ke kawo nasara. Wanda ya sake gwadawa sau biyar har ya ci riba zai iya tashi da zaton cewa talaka dabara ce ta gaza masa, alhali shi talakan sau ɗaya aka ba shi damar.

Tarihi ya riga ya nuna yadda irin wannan niyya ke juyewa. A 1904 Elizabeth Magie ta yi rajistar The Landlord's Game domin ta yaɗa ra'ayin Henry George, ta nuna yadda masu filaye ke azurta kansu da guminsu masu haya. Daga cikinsa Monopoly ya fito, wanda kamfanin Parker Brothers ya fara sayarwa a 1935, ya kuma sayi haƙƙin Magie a kan dalar Amurka 500. Wasan da aka tsara don a ƙyamaci handama ya zama inda yara ke murnar tsiyata ƴan uwansu.

Ga alama Hofmeier bai saki jiki da ɗaukakar da ya samu ba. A wurin bikin na 2013 ya shafe sunan wasansa da fenti, ya bar rumfarsa ga wasan wata marubuciya, Howling Dogs. A watan Maris na 2014 kuma ya janye Cart Life daga kasuwar Steam, ya saki asalin rubutun manhajar kyauta ga duk mai so ya gyara ko ya sāke. Wannan bai warware tambayar ba, domin wasan da aka samu kyauta ma a kan kujera mai laushi ake yin sa. Abin da ya cire shi ne ɓangare guda na zargin, wato cewa wahalar mai tebur ta zama hajar da wani ke ci gaba da karɓar kuɗi a kanta.