Pluto da Nauyin Raɗa Suna

Shekaru na yi ina rubuta wa ɗalibaina a allo cewa duniyoyi tara ne ke kewaya rana, Pluto ce autarsu. Sai ranar 24 ga Agusta 2006 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta zauna a birnin Prague, aka kaɗa ƙuri'a, aka ce takwas ne. Da aka koma makaranta, wata yarinya daga benci na baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe ƙarya kuka koya mana?" Har yau tambayar nan ba ta sake ni ba.

Sharuɗɗa uku suka kafa kafin a kira abu duniya: ya kewaya rana, nauyinsa ya dunƙule shi kamar curin fura, sannan ya share hanyarsa daga tarkacen da ke kusa. A na ukun Pluto ta faɗi, domin tana zaune ne cikin cinkoson duwatsun ƙanƙara a bayan Neptune. Abin da ya tilasta ƙuri'ar shi ne gano wata mai kewaya rana, Eris, a 2005, wadda ta fi Pluto nauyi. Ko dai a buɗe ƙofa ga kowa, ko a fitar da auta. Ceres ma, da aka gano a 1801, an lissafa ta cikin duniyoyi kafin a sauke ta.

Ina ganin sun yi daidai, amma abin da ke taɓa zuciyata daban ne. Pluto na ɗaukar shekara 248 kafin ta zagaya rana sau ɗaya. Daga 1930 da Clyde Tombaugh ya hango ta zuwa ranar ƙuri'ar, ko kashi ɗaya cikin uku na shekararta ba ta cinye ba. Mun naɗa ta, mun tuɓe ta, ita kuwa ba ta kauce daga tafarkin da Allah ya ɗora ta a kai ko da taku ɗaya ba.

To sunan nan, a jikin abu yake ko a bakinmu? Kakata kan nuna mini Zara kusa da jinjirin wata ta ce tauraruwa ce, ta kira ta asuba Gamzaki. Duk Venus ce, duniya ce mai aron hasken rana. Ban taɓa jin kakata ta yi mini ƙarya ba; iyakar abin da idonta ya ba ta ke nan. Suratul Baƙara ta nuna cewa da sanin sunaye aka ɗaukaka Annabi Adamu, don haka ba na raina aikin raɗa suna. Amana ce, kuma mai riƙe da amana dole ya gyara idan sabon sani ya zo masa.

A 2015 kumbon New Horizons ya wuce ta gefen Pluto, ya aiko hotunan tsaunukan ƙanƙara da wani farin fili mai siffar zuciya. Na buga hoton na manna a bangon aji, kusa da takwas ɗin.