Tafiya Ƙasashen Waje Da Riƙon Asali

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya zuba mutane iri iri a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina ya san cewa samarinsu ba su zauna wuri ɗaya ba. Wasu sun tafi karatu Masar ko Madina, wasu suna fatauci har Ghana da Kamaru, wasu kuma aikin bautar ƙasa ya kai su jihohin Kudu. Game da wannan tafiye-tafiye an sami ra'ayi biyu. Akwai iyayen da ke hana ɗansu fita, ko da karatu ne ya samu, don tsoron kada ya dawo ya watsar da addini da tarbiyya. Akwai kuma samarin da suka fita suka dawo suna raina tuwon gidansu da harshen iyayensu. Dukkan ɓangarorin nan biyu suna bukatar su sake duba abin da Musulunci ya koyar.

A cikin Suratul Hujurat, aya ta 13, Allah Ya bayyana cewa asalin mutane ɗaya ne, kuma hikimar rarraba su al'umma al'umma da kabila kabila ita ce su san juna, sa'an nan fifiko a wurinsa yana ga tsoron Allah ne kaɗai. A Suratur Rum, aya ta 22, Ya lissafa bambancin harsuna da launin jiki cikin alamomin ikonsa. A Suratu Ƙuraishi kuwa Ya ambaci fataucin mutanen Makka na hunturu da na bazara a matsayin ni'ima, watau zuwa Yaman da zuwa Sham. To, sanin juna ba ya samuwa ga wanda bai taɓa ƙetare kasuwar garinsu ba. Haka nan kuma, in da kowace al'umma za ta narke cikin wata, da ba sauran abin da za a sani.

Tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙara bayyana haka. Lokacin da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, ya umurci sahabbansa su yi hijira zuwa Habasha, ƙasar Kirista, saboda adalcin sarkinta Najjashi. Sun zauna can shekaru, sun mutunta masu masaukinsu, kuma ba su bar addininsu ba. A Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan hijira, Salmanul Farisi ne ya ba da shawarar a haƙa rami a tsare Madina, dabarar da ya sani daga ƙasar Farisa, Manzon Allah kuwa ya karɓa. Ya kuma umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu. Daga baya Halifa Umar ya kafa diwani, watau rajistar sojoji da albashinsu, tsarin da Farisawa suka riga suka saba da shi. Saboda irin waɗannan dalilai malamai suka kafa ƙa'ida cewa al'amuran ibada a tsaye suke a kan nassi, amma al'amuran rayuwa da sana'a asalinsu halal ne sai abin da shari'a ta hana.

Game da son ƙasa kuwa, maganar nan da ta shahara a bakin mutane, mai cewa son ƙasa yana cikin imani, malaman hadisi sun tabbatar ba ta inganta daga Annabi ba. Amma abin da ya inganta ya wadatar. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah ya bayyana ƙaunarsa ga Makka, ya kuma nuna cewa ba don mutanenta sun fitar da shi ba da bai zauna wani wuri ba. Bilal ya yi begen kwarurukan Makka sa'ad da zazzaɓi ya kama shi a Madina. Musulunci bai kankare wa kowa sunan ƙasarsa ba. Har yau ana cewa Salmanul Farisi da Bilalul Habashi, kuma Imamul Buhari, wanda ya zaga Hijaz da Iraƙi da Sham da Masar neman hadisi, da sunan garinsu Buhara duniya ta san shi.

Ƙasar Katsina ita kanta shaida ce. Tsohon birnin 'Yandoto, wanda yau yake kusa da Tsafe a Jihar Zamfara, maƙwabcin Ƙanƙara da Faskari, ya yi suna da malamai tun yana cikin tsohuwar daular Katsina, kuma masana tarihi sun danganta ilminsa da Wangarawa, fatake malamai da suka zo daga wajen Mali. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya zo daga Arewacin Afirka ya karantar a Kano da Katsina. Watau dai ilmin da ake alfahari da shi a yau baƙo ne ya kawo shi, 'yan gida suka karɓa suka raya.

Daga baya ɗan ƙasar ya mayar da biki. Malam Muhammadu Al-Kashnawi, masanin lissafi da taurari, ya bar Katsina ya yi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa yana wallafa littattafai da Larabci. Ya rasu a can a shekarar 1741 a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ya ga Makka, ya ga Azhar, amma sunan Katsina ne ya liƙa a jikin sunansa, da shi kuma littattafan tarihi suke ambatonsa.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya yi aikin Hajji a 1921, ya kuma ziyarci Ingila a wannan tafiya. Ya ga abin da ya gani ya komo da rawaninsa, ya goyi bayan ilmin zamani har da na 'ya'ya mata, kuma a zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Ɗaya daga cikin ɗaliban kwalejin, Alhaji Abubakar Imam, ya je Ingila a 1943 tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma, da ya dawo ya rubuta labarin tafiyar da Hausa cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, domin wanda bai je ba shi ma ya amfana.

Ba sai an hau jirgin sama ake ganin al'adun wasu ba. Bayan yaƙin basasa da ya ƙare a 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa a 1973 domin matasa su zauna cikin jama'ar da ba tasu ba. Saurayin Sabuwa da ya yi shekara guda a Inugu ko Ibadan, ya ci abincinsu, ya ga yadda suke karɓar baƙo, da wuya wani ya zuga shi a kan maƙwabcinsa ɗan Kudu mai shago a kasuwa. A can ne kuma zai gane darajar abin da ya baro, kamar zumunci da kunya da girmama na gaba, domin kifi ba ya sanin daɗin ruwa sai an fitar da shi.

Sai dai tafiya tana da sharuɗɗa. Na farko, matafiyi ya san farillan addininsa kafin ya fita, har da hukuncin sallar ƙasaru da abin da ya halatta ya ci. Na biyu, ya bi hanyar da doka ta yarda, domin bin hamada ta Agadas zuwa Libiya ba da takardu ba jefa rai ne cikin halaka, haka kuma maƙalewa a Saudiyya bayan Hajji ko Umra saɓa alkawari ne da ke zubar da mutuncin ƙasa. Na uku, ya zaɓi abin da zai ɗauko. Ɗan manomin Faskari da ya je Masar, ya duba yadda suke noman rani da ruwan Nilu, da yadda suke kula da auduga. Wanda ya je Turai ya ɗauko kiyaye lokaci da tsabtar gari da bin layi, ya baro musu giya da yasar da tsofaffi. Na huɗu, ya tuna cewa da halinsa za a auna addininsa da ƙasarsa.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne waiwayar gida. Jama'a ba su manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Yankin da ya ga irin wannan jarrabawa yana bukatar likitocinsa da malamansa da injiniyoyinsa. Idan kowane mai ilmi ya fita ya ƙi komowa, ya kuma ƙi aikowa, wa zai karantar da ƙannensa? Iyaye su bar 'ya'yansu su nemi ilmi inda yake, da addu'a da nasiha, 'ya'yan kuma su riƙe amanar garin da ya rene su.

Allah Ya kai matafiya lafiya Ya komo da su da alheri, Ya zaunar da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.