Hukuncin Zuwa Ɗaurin Auren Aboki a Bakin Teku a Zanzibar

TAMBAYA

Allah gafarta Malam, ni manomin tattasai ne daga Geskeru, iyalina kuma yanzu suna cikin garin Difa. Ina da aboki da muka yi karatu tare a Yamai. Aiki ya kai shi Tanzaniya, ya samu mata Musulma 'yar tsibirin Zanzibar. Ya kira ni da bakinsa ya ce lalle in zo, za a ɗaura auren a bakin teku, a harabar wani otal, kuma in yi mako guda in huta. Shi zai biya masauki, ni in biya jirgi. A hoton wurin da ya turo na ga ana sayar da giya, na ga baƙi kwance a yashi kusan tsirara. Kuɗin tattasan bana suna hannuna, amma akwai bashin taki da na man injin ban-ruwa da na yi alkawarin biya ƙarshen wata, mahaifiyata kuma ba ta son tafiyar. Na ji an ce ƙin amsa gayyar walima saɓo ne. Shin dole ne in je? In na je, yaya zan yi da salla?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, ba dole ba ne ka je. A halin da ka bayyana ma, bai kamata ka ɗaga ƙafa ba sai ka warware abu biyu da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka, alhali su suka fi komai nauyi a cikinta: bashi da uwa.

Abin da ka ji game da walima gaskiya ne. Hadisin Abu Huraira da na Abdullahi ɗan Umar a kan haka suna cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, kuma a kansu malamanmu na Malikiyya suka dogara suka wajabta amsa gayyar walimar aure ga wanda aka kira shi da sunansa. Sai dai littattafan da suka wajabta, su ne suka gindaya sharuɗɗa. Ibnu Abi Zaidin a Risala ya ɗaura wajibcin a kan kada a samu wasa na shashanci ko abin ƙi bayyananne a wurin, ya kuma ruwaito cewa Imamu Malik ya yi rangwame a ƙi zuwa saboda cunkoso kaɗai. Shehu Halil a Muhtasar ya bi wannan hanya, masu sharhinsa suka ƙara da uzurori irin su rashin lafiya, ruwan sama mai yawa, tsoro a hanya, da nisan da ke jawo wahala. To in taɓo da ruwan sama suna sauke wajibci a cikin gari ɗaya, ina ga tafiyarka? Daga Difa zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita 1,300, ta Maine-Sorowa da Gure da Damagaram da Maraɗi da Ƙonni da Doso, sannan ka hau jirgin sama, ka sauya wani a hanya. Kai ma ka san yadda hanyar yankinmu ta zama tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Fabrairun 2015. Babu zunubi a kanka in ka zauna, ka kwantar da hankalinka a nan.

Auren abokinka kuwa, kada ka yi masa mummunan zato don an ce a bakin teku. Wuri ba sharaɗin aure ba ne. In akwai waliyyi, da sadaki, da siga, da shaidu biyu adilai, aure ya ɗauru, a masallaci ne ko a zaure ko a kan yashi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hanyar dawowa daga Haibara a shekara ta 7 bayan hijira ya tare da Nana Safiyya, aka shimfiɗa fatu a fili aka zuba dabino da cuku da man shanu, walimar ke nan. Zanzibar kuma ƙasar Musulmi ce tun kafin ta haɗe da Tanganyika a 1964. A Kizimkazi, kudancin tsibirin, akwai masallaci mai rubutun da ke nuna shekarar 500 ta hijira, wato 1107. Mafi yawan mutanen wurin Musulmi ne 'yan Shafi'iyya. Matsalar ba ƙasar ba ce, harabar otal ɗin ce.

Sai bashi. Malamanmu sun ce mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi yin tafiyar da wa'adi zai cika yana can, sai in ya wakilta mai biya ko ya kawo lamuni. Kai naka ya ma fi haka sauƙin hukunci, don kuɗin suna hannunka. Jinkirta biya ga mai hali zalunci ne da nassin hadisi. Wanda ya ba ka taki da mai lokacin da ake wahalar samun su a bakin kogin Komadugu, ya ba ka ne don ya yarda da kai, kuma wataƙila shi ma a Damagaram ko a tsallaken kogi wani yana jiran sa. Ka biya shi kafin ka tambayi kuɗin tikiti. Bayan nan ka ware abincin iyali, da kuɗin iri da na aikin gona mai zuwa. Abin da ya saura shi ne naka na yawo, in ya saura.

A nan zan faɗa maka abin da ke raina, ba a matsayin haramci ba. Kuɗin tattasai a ƙasarmu ba kuɗin da ake samu kullum ba ne. Mun ga shekarun da aka hana cinikinsa, mun ga buhuna jibge babu mai saye, mun ga 2019 da Komadugu ta cika ta shanye gonaki da gidaje. Mun ga mutanen tsibiran Tafkin Cadi da aka taso a 2015 bayan harin tsibirin Karamga, da 'yan'uwanku na ƙauyukan Geskeru da suka kafa bukkoki a gefen kwalta. Hutu halal ne, kallon teku da tunani a kan halittar Allah abu ne mai kyau, kuma mutumin da ya shekara yana sunkuye a fadama yana da haƙƙin ya miƙe bayansa. Amma almubazzaranci ana auna shi da halin mutum ne. Abin da attajirin Yamai zai kashe bai ji ba, kai yana iya zama jarin shekararka gaba ɗaya. Ka yi wannan lissafi tsakaninka da Allah.

Maganar mahaifiya ba ta da tsawo. Annabi ya mayar da wanda ya zo neman fita jihadi ya koma wurin iyayensa. Tafiyarka ba farilla ba ce, don haka hanawarta ta isa ta tsayar da kai. Uwar da ta ga abin da Geskeru ta gani, tsoronta na hanya ba na banza ba ne. Ka zauna da ita, ka gaya mata gaskiyar inda za ka da ranar dawowa. In ta yarda da zuciya ɗaya, madalla. In ta yi shiru tana share hawaye, wannan ba izini ba ne.

In duk wannan ya warware, ya halatta ka je da niyyar sada zumunci da taya ɗan'uwa murna. Amma ka tambayi abokinka tun yanzu, ba sai ka sauka ba: za a kawo giya a teburin walima? Za a yi rawar maza da mata a cakuɗe? Kasancewar otal yana sayar da giya a wani ɓangare daban yake da a zagaya da ita a inda kake zaune, na biyun an hana mumini zama a wurin. Kiɗan bandiri don bayyana aure malamai sun halatta shi. In ka tabbata ɗaurin aure da walimar kansu suna da tsabta, ka halarta, ka ci, ka yi addu'a, ka tashi kafin shagalin dare. In abin ƙi ya ɓullo kana zaune, ka yi magana in za a ji, in ba za a ji ba ka fita. Ka roƙe shi ya kama maka masauki a cikin gari kusa da masallaci maimakon bakin ruwan da ka gani a hoto, don runtse ido na mako guda a inda tsiraici ya kewaye ka kamar riƙe garwashi ne a tafin hannu. In za ka yi iyo, ka nemi wurin da babu jama'a ko da sassafe, ka rufe daga cibiya zuwa gwiwa.

Game da salla, tafiyarka ta wuce buridi 4, kimanin kilomita 80, nesa ba kusa ba, don haka kasaru sunna ce gare ka daga lokacin da ka bar gidajen Difa da lambunanta. Amma ka lura, Malikiyya sun hana kasaru ga wanda ya fita don saɓo, sun karhanta ta ga wanda ya fita don shashanci kawai. Niyyarka ce za ta raba. Da ka isa, tun da ka ƙudura kwana bakwai, kasaru ta yanke, don niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana mayar da matafiyi mazauni. Ka cika salla, ka je Juma'a tare da mutanen gari. Haɗa salloli biyu an yi rangwamensa a tafiyar tudu, ban da ta ruwa, saboda haka in ta Darussalam ka bi ka shiga jirgin ruwa, tafiyar kamar awa biyu ce, ka yi sallarka kafin shiga ko bayan sauka. A jirgin sama, in lokaci zai fita kafin a sauka, ka yi ta yadda ka iya.

Kada ka tsaya ka fuskanci gabas yadda ka saba a gida. Makka tana arewa da Zanzibar kusan kai tsaye, alƙibla a can arewa ce. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu, ka bi kiran sallarsu. Za ka ji liman yana bayyana Bismilla, yana ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u. Ka bi shi, sallarka ta inganta. Ruwan teku mai tsarkakewa ne, ka yi alwala da wanka da shi duk da gishirinsa, kuma duk abin da aka kamo a cikinsa halal ne a mazhabarmu, ko ba ka taɓa ganin irinsa a Komadugu ba.

Hukuncinka a yau shi ne ka zauna har ka biya bashi, mahaifiyarka ta yarda, abokinka kuma ya ba ka amsa mai gamsarwa a kan walimar. In ɗaya ya gagara, ka kira shi ka gaya masa uzurinka ba tare da kwana-kwana ba, ka yi masa addu'ar albarka shi da amaryarsa, ka aika da gudummawa gwargwadon ƙarfinka, ka kuma gayyace su Difa in sun zo ganin gida.

Allah ne mafi sani.