Ƙullin da ba a kwancewa

A wani ofishin masu rubuta manhaja, an ba wani ɗan koyo aikin rasit na kantin kayan masarufi, da yaren Java. Duk sanda zai miƙa jerin kaya ga sashen da ke buga rasit, sai ya buɗe ArrayList fanko, ya zuba shinkafa a layi guda, mai a layi guda, sukari a layi guda, sannan ya miƙa. Layi biyar saboda kaya uku!

Ran nan sai ya gano List.of, wanda ya shigo da Java 9 a 2017. Nan take ake haɗa jerin a cikin bakan kiran, ba sai an raɗa masa suna ba: buga(List.of("shinkafa", "mai", "sukari")). Daɗi ya kama yaro. Kafin la'asar ya bi manhajar kaf ya sauya ko'ina, kuma gaskiya rubutun ya yi kyan gani.

Washegari mai kanti ya bugo waya, rasit ya ƙi fita. Allo ba ya nuna komai sai UnsupportedOperationException.

Ogan ofishin ya zo ya tsaya a bayansa. "Buɗe mana sashen da kake miƙa wa jerin."

Ashe a can ciki akwai layin da ke ƙara "kuɗin dako" a kan duk jerin da aka kawo masa.

"Oga, ai da yana yi."

"Da buɗaɗɗen kwando kake ba shi, yanzu kuwa ƙulli ka ba shi. Abin da List.of ya haɗa ba a ƙara masa, ba a rage masa, ko null ba ya karɓa."

"To in koma Arrays.asList?"

"Shi zai bari ka musanya mai da gishiri, amma tsawonsa ba ya motsi. Nan ma faɗuwa za ka yi."

Yaro ya kai hannu zai maido da layukansa biyar, Oga ya hana shi. Ya sa shi ya gyara sashen rasit ɗin, ya riƙa kwafe abin da aka kawo masa cikin sabon ArrayList nasa, ya yi ƙarinsa a can. Rasit ya fita, List.of kuma yana nan inda yake.

"Jiya wuri nawa ka sauya?"

"Da yawa, Oga."

"A ciki, nawa ka buɗe ka ga abin da mai karɓa ke yi da jerin?"

Yaro ya sosa ƙeya.

"To jawo kujera, mu fara daga na farko."