Sunan Gari a Wuyan Mutum

Mu da muke bi ta Yelwa a birnin Bauchi mun saba ganin ƙofar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ta tsaya da ƙafarta da wannan suna a 1988. Amma ba kasafai muke tsayawa mu lura cewa Tafawa Ɓalewa ba sunan uba ba ne, sunan gari ne, kuma asalinsa Fulatanci ne mai nufin baƙin dutse. Mahaifin Firayim Ministan Yakubu Ɗan Zala ne.

A al'adance Bahaushe ba shi da sunan zuri'a da ake gado daga kaka zuwa jika. Yana da sunan yanka, da laƙabi irin su Tanko da Mati, sai a jingina shi ga ubansa ko sana'arsa. Da boko ya zo, rajistar makaranta ta nemi suna na biyu, ga kuma kunyar ambaton sunan mahaifi, sai ɗalibai da yawa suka ɗauki na garuruwansu. Haka muka sami Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Sa'adu Zungur.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A ƙasar Poland ta Turai, sunayen da ke ƙarewa da "-ski" sun fara ne a matsayin jingina mutum ga garinsa ko ƙasar gadonsa. Kowalski yana da alaƙa da maƙeri, shi kuwa Nowak, wanda ya fi kowane suna yawa a can, ma'anarsa sabon zuwa, wato dai Baƙo ko Sabo namu.

Abin tambaya a nan shi ne: wa ke bin wani bashi, mutum ko sunan? A ganinmu sunan gari ya yi wa al'umma adalcin da sunan zuri'a ba ya yi. Ɗan sarki da ɗan talaka, in garinsu ɗaya, suna ɗaya suke amsawa, ba mai tinƙaho da kakansa. Sai dai wannan adalci yana tafe da nauyi. Wanda ya saci dukiyar jama'a da sunan garinsu a wuyansa bai ɓata gidansu kaɗai ba, ya shafa wa dubban mutanen da ba su ji ba su gani ba kashin kaji.

Kuma suna shi kaɗai ba ya isa shaida. Akwai Yelwa a Bauchi, akwai ta Yawuri, akwai ta Shendam. Wanda aka kira "Yelwa" sai ya nuna da halinsa ko wane ne shi.

An ce suna linzami ne, to amma linzami ba ya tafiya sai da doki. Da Abubakar bai riƙe amana ba har aka kashe shi a 1966, da Tafawa Ɓalewa ya tsaya a sunan wani gari a kudancin Bauchi. Ɗalibin da ke rubuta sunan ƙauyensu a takardar jarrabawa ya sani cewa aro ya yi, kuma masu abu suna jiran su ga yadda zai mayar musu.