Halal Da Ɗayyib A Kwanon Ɗalibi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Lokacin da samarin nan Ashabul Kahfi suka farka daga dogon barcinsu, sai suka aiki ɗayansu birni da 'yar azurfarsu, suka umarce shi ya dubo abincin da ya fi tsarki, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi, aya ta 19. Yunwa ba ta hana su zaɓe ba.

Haka ɗalibin jami'a kan tsaya da tsakar rana, aljihu ba nauyi, tsakanin rumfa mai araha wadda ƙudaje suka mamaye da ɗakin abinci mai tsabta wanda ya fi ƙarfinsa. Al'amarin ba ƙarami ba ne. A shekarar 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya tayar da tarzomar ɗalibai, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya.

To, shin halaccin abinci kaɗai ya wadatar? Suratul Baƙara, aya ta 168, ta gama halal da ɗayyib wuri guda. Shinkafa da wake halal ce, amma idan ta kwana ta yi tsami, aka ɗumama ta aka sayar, ta fita daga ɗayyib, cinikin kuma ya zama algus.

Saboda haka nauyin ya hau kan mutum uku. Ɗalibi ya bincika kafin ya ci, ko da zai haɗa tukunya da abokansa. Mai sayarwa ya ji tsoron Allah, kada ya mai da yunwar almajirin ilmi jari. Hukumar jami'a kuwa ta riƙa duba tukwane da farashi, domin kiwo ne aka ba ta, kuma za a tambaye ta.

Allah Ya sa a dace, amin.